Jiragen da Ubandawaki Ya Ce a Fasa

Barci ya sace Ubandawaki Jatau da tsakar rana a gindin tsamiya, ko lifidinsa bai tuɓe ba. Da safe aka kore su daga fagen fama. Ya haye gulbi da mahayansa da dawakinsu, ya bar dakaru, mayaƙan ƙasa, a wancan hayin da alkawarin jirage za su koma ɗauko su. Da ƙafarsa ta taka tudu sai tsoro ya sake masa shawara, ya ce da la'asar a fasa jiragen kada abokan gaba su biyo shi. Mutumin da ake yi wa kirari da gagara-gasa ke nan.

Cikin barcin ya ga kansa a ƙofar wani birni mai baƙar ganuwa, ba inuwa ko ta kara. Wani tsoho na jiransa, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Nomau ne, dakaren da ya sha ɗaga shi in doki ya kayar da shi, don mai lifidi in ya faɗi ba ya tashi da kansa.

"Jatau, biyo ni."

"Kai, ba ko ranka ya daɗe?"

"Nan ba ran da ke daɗewa," in ji Nomau.

Suka tarar da wasu ƙarti ɗaure a turke, da linzamin wuta a baka, ga tuwo gabansu ba halin ci. Nomau ya ce waɗannan su ne masu sakin dawaki a gonar talaka gero na bununi. Gaba kaɗan wasu na rarrafe, an ɗaura musu sirdi, yara da tsofaffi na bisa suna zuba musu ƙaimi.

"Su kuma fa?"

"Masu ƙone ƙauyen da bai ɗaga musu ko sanda ba, su koma gida ana buga musu tambari."

Jatau ya san fuskoki da yawa a ciki. Da wasunsu ma ya ci kwano ɗaya.

Daga nan suka fita wani fili da ido bai ga iyakarsa. Manyan mahaya ne kwance rigingine cikin lifidi, audugar ciki na cin wuta a hankali, kowa ya miƙa hannu sama yana kiran suna. Wannan na kiran Tanko, wancan na kiran Ɗangoje, muryoyi duk sun dushe.

"Wa suke kira?"

"Dakarun da suka bari a baya. Doka ita ce ba mai ɗaga su sai wanda suka yasar."

"To, me ya hana su zuwa?"

"Suna hayin gulbi, ba jirgi."

A ƙarshen filin akwai wani lifidi shimfiɗe, ba kowa ciki. Jatau ya gane shi da facin jan ƙyalle a kafaɗa, ɗinkin mahaifiyarsa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji a bakin mashi ba ya kama shi.

"Baba Nomau, wannan ruwan da ke jikinka, ka mutu ke nan?"

"Tukuna. Muna bakin gaɓa muna duban hanya. Na faɗa wa samari su kwantar da hankali, kai ba ka saɓa alkawari."

Jatau ya farka jiƙe da gumi, ya yunƙura, lifidi ya danne shi. Rana ta karkata, kuma daga bakin ruwa yana jin saran gatari. Ya yi ta kokawa da igiyoyi har ya fice daga rigar, ya sheƙa ba takalmi yana ihu a dakata, yana roƙon Allah gafara.

Ya tarar da katakai na bin ruwa. Jirgi ɗaya ya rage, shi ma an tsaga masa baki. Mai gatarin ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, wannan bai ɗaukar rabin dakarun. Kuma tun ɗazu ihunsu ke raguwa."

Jatau ya ɗauki sandar tuƙi. Ya tura jirgin cikin ruwa ya shiga, hannuwan da suka saba da linzami suka kama tuƙi zuwa wancan hayin.