Maɓalli Kafin Shafi

Zulfa ta sake danna manhajar, wayar ta yi fari fat, ta koma inda ta fito. Motar Jahun ta faɗa rami, kwamfutar da ke cinyarta ta kusa zamewa.

Wannan manhaja ita ce aikinta tun damina: tana tuna wa unguwarzoma ranar awon masu ciki. Hajiya Iyatu, shugabar wani ƙaramin asibitin haihuwa a Jahun, ta ce ta kawo yau kafin azahar. In manhajar ta yi, an ɗauki Zulfa aiki. In ba ta yi ba, akwai wani ɗan Kano da ke jiran layi.

Jiya lafiya lau manhajar take aiki, har a tsohuwar wayar Inna ta gwada. Da safen nan ne tsautsayi ya sa ta ce bari ta kimtsa rubutun da ta gina manhajar da shi, kada a ce aikin ƙazama ne. Ta kwashe layukan maɓallai ta jera su can sama, gwanin sha'awa, ta tura wa wayarta sabon, ta fito ba ta gwada ba.

"'Yata, lafiya kike gumi haka?" in ji wata tsohuwa da ke gefenta.

"Wallahi Baba ba lafiya ba."

Ta bi layukan da yatsa. Can ta gani. Ta sa manhajar ta nemi maɓallin "Ajiye" tun kafin a shimfiɗa shafin da zai zauna a kai. Manhajar ta nema, babu, ta mutu. Garin gyaran gira an rasa ido.

Gyaran ba wuya: a mayar da layukan ƙasa, bayan shafi ya hau. Ta yanke su, ta gangara, sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Caji ya ƙare, cajar kuma tana kan tabarma a gidansu na Takur, cikin Dutse, inda ta yi kimtsin.

Hawaye ya cika mata ido. Sai ta tuna wayar Inna da ke can gida, mai fasasshen gilashi, wadda ake ɗaure wa bayanta da roba. Manhajar jiya na ciki, hargitsattsiya, mai aiki.

Ta dubi rana. Ta kusa tsakiya.

"Malam direba, don Allah tsaya in sauka."

"Hajiya, nan fa daji ne."

"Na sani," ta ce. Ta tsallaka titi, ta fara ɗaga wa motocin Dutse hannu.