Ranar da Aka Yanke Ciyawar Filin Jirgi

Awa goma sha biyu ake ba kowane ɗalibin tuƙin jirgin soja a sama tare da malaminsa. In suka cika bai iya tashi da sauka shi kaɗai ba, sai a karɓe hular fata ta matuƙa jirgi, a miƙa masa bindiga, a sa shi a jirgin ƙasa zuwa bakin daga a Rasha. A watan Yuni na 1943 na riga na cinye sha ɗaya da rabi.

Tashi bai taɓa ba ni wuya ba, sauka ce matsalar. A aji huɗu na bar makaranta, na yi noma, na ja amalanke, na gudu daga wajen wani maƙeri a garin Buzau, saboda haka lissafin da ake zana mana a allo ba ya zama a kaina. Sai na ƙirƙiro dabarar da ban faɗa wa kowa ba. Ciyawar filinmu ta kai gwiwa. In na ji ta fara shafar tayoyi, shuuu, sai in ja sandar tuƙi, jirgi ya zauna.

Kwana uku ba mu tashi ba saboda ba a kawo mai ba. Ranar Laraba, muna gama cin tuwon masara da cuku, muka fita filin, na tarar da shi ƙwal kamar kan sabon soja. Mutanen ƙauye, da ake bar wa ciyawar duk shekara, sun yanke ta sun tara a gefe.

"Zamfir, lafiya? Ka yi fari fat," in ji Ilarie, wanda gadonsa ke kusa da nawa.

"Sun yanke ciyawar."

"To kai akuya ne? Bari in roƙe su su rage maka."

Saja Tudose, malamina, ya ɗaure buhun yashi a kujerarsa, ya ƙulla jan ƙyalle a fiffike don sauran jirage su ba ni hanya.

"Ga sabon malaminka. Ya fi ni haƙuri."

"Yallaɓai, ko zagaye ɗaya ne mu yi tare."

"Rabin awa ya rage maka, ɗan samari. In na hau, a ciki za a cire. Sau uku za ka gwada sauka, babu na huɗu."

Na tashi lafiya. A gwajin farko na kasa kunne ina jiran shuuu, sai dai na ji ƙasa ta doki tayoyin, jirgin ya yi tsalle, na ba shi wuta na koma sama. A na biyu tsoro ya sa na ja sandar da wuri. Jirgin ya rataye a iska, fiffiken hagu ya fara sunkuyawa, da ƙyar na ƙwace shi. Na hango ɗalibai a tsaye gaban rumfa, babu mai motsi.

A na uku na daina saurare, na kalli gefe. Tarin ciyawar na jere a bakin fili. Na sha tara irinsu tare da babana, na san iyakarsu ƙirjin mutum. Na bari sai da kawunansu suka zo daidai da fiffiken ƙasa, da yake jirgin mai fiffike hawa biyu ne, na ƙirga biyu, na ja. Jirgin ya faɗi da ƙarfi, ya yi ɗan tsalle, ya gangara ya tsaya.

Tudose bai dube ni ba. Ya durƙusa yana shafa ƙafafun jirgin ɗaya bayan ɗaya. Ilarie da sauran sun riga sun taho su ɗauke ni su jefa cikin ƙaya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya tashi shi kaɗai karon farko, amma suka dakata suna jiran bakin Tudose.

"Bai karye ba," in ji shi. "Me ka riƙa kallo a gefe?"

"Tarin ciyawa, yallaɓai."

Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Gobe ƙarfe shida, sauka biyar. Yau da la'asar mutanen ƙauye za su zo da shanu su kwashe abinsu."