Gidan Bakin Masallaci

Shekarar da ruwan gulbin Maggiya ya cinye unguwar gangare a Ƙonni, wani porje, wato shirin taimako, ya zo ya gina wa mutanen gidaje a kan tudu, bayan gari. Gidajen bulo ne da rufin kwano, a jere reras, kowanne da doguwar katanga da ƙofa ɗaya mai duban titi. Malam Mato, tsohon mai fataucin albasa, shi ne babban kwamitin unguwa, kuma shi ya sami gidan da ke bakin masallaci.

Bai ƙwace ba, ƙuri'a ce ta ba shi. Da lokacin rabo ya zo, wata ma'aikaciyar porjen, Madam Nafisa, ta nemi a tara mata matan unguwa ta ji wace ke son zama kusa da wace. Mato ya ce mata ba a yin haka a nan. Gida na maigida ne, kuma in aka bar wa mata zaɓi sai damina ta zagayo ana gardama. Ya ce a zuba sunayen magidanta cikin hula, kowa ya karɓi rabonsa, kada gobe a ce dattawa sun yi son kai. Maza suka yaba. Madam ta dube shi, ta rufe jakarta.

A tsohuwar unguwa babu katanga tsakanin gidaje, sai darnin kara, kuma kowane darni da kafar da mata suka huda. Maza ba su taɓa ɗaukar waɗannan kafofi a bakin komai ba, don ba ta nan suke bi ba. Ta nan ake ɗebo wuta, ta nan ake miƙa jariri in uwa za ta tuƙa tuwo. Mace na iya ratsa gidaje da yawa ba ta taka titi ba. Ta irin wannan kafa Mairo, matar Mato, da maƙwabciyarta Kulu suka yi sana'ar ƙuli-ƙuli tun suna amare. Da tsufa ya zo sai suka raba aikin yadda jiki ya bari. Idon Kulu ya yi hazo amma hannunta da sauran ƙarfi, ita ke murza tunkuza ta matse mai. Mairo gwiwa ta ci ta amma idonta garau, ita ke zama gaban kasko tana suya.

Kulu mijinta ya rasu, tana hannun ɗanta Dogo. Ƙuri'a ta jefa Dogo can ƙarshen layi, ƙetaren hanyar mota.

Mato ya ji daɗin gidansa. Ladan bai gama kiran salla ba yana sahun farko. Maza suka kafa rumfa jikin katangarsa, majalisa ta dawo ƙofar gidansa daga hantsi har magariba. Wannan majalisar ce ta tsare Mairo. In za ta fita sai ta ratsa dattawa, har da surukinta, yayan Mato, ta durƙusa da gwiwar nan ta gaida su. Ta gwada, ta bari. Ta gwada matse mai ita kaɗai, man ya ƙi fita. Labari ya zo cewa Kulu ma ta ƙona kasko guda, Dogo ya hana ta zuwa kusa da wuta.

Bayan kaka Mairo ta ce za ta Badagishiri wurin ɗiyarsu, ta ga jikoki. Mato ya ce to. Sai da ya shiga ɗaki ya ga kayan da ta ɗaure. Da tufafi, da tabarma, da kaskon suya a naɗe cikin buhu.

"Ganin jikoki har da kasko?"

"Kasko bai da aiki a nan, Malam."

"Mi kika rasa? Ɗaki ba ya yoyo. Fanfo na bakin ƙofa."

"Ban rasa komi ba. Ɗaki mai kyau ne. Tun safe nike zaune cikinshi, ban ji muryar mace ba sai tawa, in na kori kaji."

Mato ya sake duban buhun. Ya san matar da ta tafi da kaskonta ba ziyara ta tafi ba. Sun binne 'ya'ya tare, sun ga yunwa tare, ba ta taɓa yin yaji ba. Yanzu ma ba yaji ba ne, ba za ta ce ya yi laifi ba. Za ta zauna can ne kawai, in ya aika ta ce sai an jima.

Washegari ya aro diga ya fasa katangar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa Sha'ibu direba. Bulon siminti ne, ya sha wuya, kafaɗarsa ta yi kwanaki tana ciwo. Kafar ta buɗe wurin amaryar Sha'ibu, wata 'yar Illela. Yarinyar ta zo ta durƙusa ta gaida Mairo, ta kira ta Inna, suka yi maganar zafi da tsadar gero, magana ta ƙare. Man girkinta na kwalba ne, garinta na inji. Da yamma ta rataya tsohon zane ta rufe kafar daga ɓangarenta, don tana jin kunyar tsohon. Mairo ba ta kwance kayanta ba.

Cikin makon nan Madam Nafisa ta zo zagayen duba gidaje. Mato ya tsaya gaban ɓaraguzan bulo yana jiran faɗa, ya shirya amsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan turmi kamar wadda ƙafa ta gaji, ta ce ba wannan ce katanga ta farko da ta gani a fashe ba. Ta ce muddin meri, hukumar gari, ba ta rubuta takardun mallaka ba, magidanta biyu na iya musayar gida in sun yarda. Ta riga ta ji labarin Mairo da Kulu wurin mata.

"Baba, wa ke maƙwabtaka da gidan Dogo?"

Mato ya sani. Chindo ne, taubashinsa, mai bakin tsiya. Tun ranar rabo Chindo ke ƙorafi. Gidansa na bakin ramin da aka haƙi ƙasar gini, ga sauro, ga ƙarar manyan motoci, ga nisan masallaci. Kuma Mato ne ya rufe masa baki a gaban jama'a, ya ce wanda ya raina ƙuri'arsa ya raina rabon da Allah ya ba shi.

Ya yi kwanaki yana jujjuya abin. Mairo ta riga ta yi magana da mai motar Badagishiri, ranar kasuwa zai zo. Ana gobe kasuwa Mato ya tafi gidan Chindo da tsakar rana, lokacin da kowa ke cikin ɗaki. Chindo ya saurare shi har ƙarshe yana sosa gemu. Ya ce ya yarda, amma ba a nan ba. A majalisa aka kunyata shi, a majalisa za a roƙe shi.

Bayan la'asar rumfa ta cika. Mato ya tsaya, bai zauna kan buzunsa ba.

"Chindo, ina son gidanka. Ka ɗauki nawa."

"Ban ji ba, bawana. Motoci sun kashe mini kunne a can inda Allah ya ajiye ni."

Mato ya sake faɗa.

"To ina rabon Allah? Ko shi ma ana musayarsa yanzu?"

"Iyalina na son maƙwabta."

"Tsohuwa ta kayar da kai ke nan. Mutumin da ya kai albasa har Kwatano, ƙuli-ƙuli ya kore shi daga bakin masallaci."

Aka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Wasu suka sunkuyar da kai suna jan carbi, don kowa ya san abin da ya baro a gida. Liman ya ce a yi fatiha, aka yi. Mato ya naɗe buzunsa ya shiga gida. Ya gaya wa Mairo ta sallami mai mota, gobe amalanken jaki zai zo. Ta tambaye shi zuwa ina. Ya ce ƙetaren hanya. Ta ce to.

Suka kwashe da safe. Kayan Mairo a ɗaure suke tun tuni, nasa ne suka ɓata lokaci. Chindo ya riga ya kafa kujerarsa a ƙofar gidan tun jakin bai tashi ba, yana ɗaga wa Mato hannu.

Sabon gidan iri ɗaya ne da wancan, sai dai warin ruwan rami. Mato bai huta ba. Ya yi sallama da Dogo, ya nemi izini, ya sake ɗaukar diga. Wannan karon yana yi yana tsayawa. Ladan ya kira azahar, da ƙyar muryar ta iso. Ya duba nisan masallaci, ya duba ranar, ya yi sallarsa a tsakar gida shi kaɗai, ya koma kan aiki. Ta bayan katanga yana jin Kulu tana tambaya ko an kusa, Mairo na ce mata ta ja baya kada bulo ya faɗo mata.

Da kafar ta buɗe sai ya jingina diga ya zauna ƙasa, gumi na bin wuyansa. Mairo ta kwance buhu ta fito da kasko, ta kife shi kan murhu. Ta zo ta duba kafar sama da ƙasa, ta shafa gefenta da hannu.

"Malam, ta yi ƙunci. Kulu ba ta gani, za ta buga kai. Ka ƙara ta sama."

Ya dube ta. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya ɗauki diga.