Farin Benen da Ya Tafi

Babanmu tsohon direban babbar mota ne, kuma taƙamarsa a duniya ɗaya ce: wai shi bai taɓa ɓata ba. In ka tambaye shi hanya, har ramukanta zai lissafa maka. Shi ya sa da suka kawo mini ziyara shi da Inna a birnin da nake aikin jinya, can bakin teku, na ce su jira in tashi daga aiki mu zaga gari tare, sai ya dube ni kamar na zage shi.

Ya ce mutumin da ya raine ni da sitiyari ba zai zauna gadin ɗaki ba. Ya karɓi wayar Inna ya haɗa da tasa a aljihu, wai birni ba a rasa ɓarayi. Inna kuwa ba ta taɓa ganin teku ba, tun safe take zaune da mayafinta a kafaɗa.

Abin da ya biyo baya daga bakinsu na tsince shi, kowa da irin nasa.

Da suka sauka a tsakiyar gari, kafin su shiga kasuwa, Baba ya nemi alama yadda ya saba. Can ƙarshen titin, inda shaguna suka ƙare, wani farin bene ya tokare sama, tagogi reras, har da tutoci. Ya nuna wa Inna.

"Kin ga wancan farin benen? In muka rabu, can za ki nufa. Ko ciki ne ki shiga ki zauna, kada ki motsa sai na zo."

Inna ta ce to.

Kasuwar ta kifi ce. Ga su nan kwance a kan ƙanƙara, wani sai mutum biyu sun kama shi. Ga ƙaguwa a kwanduna an ɗaure musu hannuwa, ga wasu halittu masu ƙafafu barkatai da Baba ya rantse ba don a ci aka yi su ba. Ƙasa duk ruwa, masu wanki da tiyo ba sa duban ƙafar kowa. Baba ya samu wani mai kifi ya shiga koya masa yadda ake ɗaure kaya a bayan mota, alhali bawan Allah bai tambaye shi ba. Suna cikin haka wani ƙaho mai kauri ya girgiza kwanon rufin kasuwar. Baba ya gyaɗa kai irin na masana, ya ce wannan mota ce mai lafiya, direbanta ne dai ba shi da haƙuri. Mai kifin ya ɗauka barkwanci ne, ya yi ta dariya.

Da Baba ya waiwaya, babu Inna. Ko a jikinsa. Ya fito titi yana tafe yana shirya faɗan da zai yi mata, ya ɗaga kai, sai ya ga babu bene. Sararin sama kawai. Ya ce lalle ta wata ƙofar ya fito. Ya koma ya ɓullo ta gabas, ya zagaya ta bayan masu kayan miya, ya bi layin gidajen abinci har masu kiran baƙi suka fara gaishe shi kamar ɗan unguwa. Kowane titi ya leƙa, ruwa ne a ƙarshensa.

Daga ƙarshe ya haɗiye girman kansa, ya taka har bakin ruwan, ya tambayi wani mai gadi ina farin benen da ke nan. Mai gadin ya nuna masa can tsakiyar teku. Ga shi nan kuwa, ya koma kamar kwalin ashana, yana ɗan hayaƙi.

"Jirgi ne, Baba. Ai ya yi oda kafin ya tashi."

Baba ya tambaya ina ya nufa, aka ce wata ƙasa. Yaushe zai dawo, aka ce sai dai Allah. To shi ya san matarsa: in ya ce ta shiga ta zauna, shiga za ta yi ta zauna. Ya zaro waya ya kira ta, aljihunsa ya ɗauki ƙara. Sannan ya kira ni, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

"Auta, na yi lodin uwarki a jirgin ruwa."

Ina ƙoƙarin gaya masa ba a shiga irin wannan jirgin sai da takardu, ashe tuni ya kashe. Na roƙi wata abokiyar aikina ta riƙe mini marasa lafiya, na tari tasi. Gaskiya na damu, ba don jirgin ba, sai don Inna ita kaɗai cikin wannan cunkoso.

A bakin ruwan akwai ƙananan kwalekwale masu inji da ke zagayawa da 'yan yawon buɗe ido. Na tarar da mutane sun taru suna nuni suna dariya. Wai wani dattijo ne ya faɗa cikin ɗaya, ya ce a bi masa wancan jirgin. Na hango shi, an ƙaƙaba masa rigar hana nutsewa mai ruwan lemo a kan babbar rigarsa, ya ƙanƙame gefen kwalekwalen da hannu ɗaya, ɗayan yana yi wa mai tuƙi alamar ya ba shi wuta. Mutumin da ko gada zai hau sai ya yi addu'a, kuma ba ya leƙa ƙasa.

Sai na ji an ce, "Auta," a hankali daga bayana.

Inna ce, zaune ƙarƙashin lema a gidan abincin da ke daidai ƙarshen titin, ga faranti da ƙayoyin kifi a gabanta, ga kofin shayi. Ta ce da ta iso ta tarar benen yana ja da baya, ta ɗauka jiri ne ya kama ta, ta dafa wani tebur. Mai gidan abincin ta ba ta kujera, ta yi mata bayani, ta kawo mata abinci. Tun da an ce kada ta motsa, ba ta motsa ba. A kan idonta Baba ya zo, ya yi magana da mai gadi, ya cire hula ya zauna daɓas a ƙasa, sannan ya miƙe ya nufi kwalekwale.

Raina ya ɓaci. Na ce Inna, kina kallo, ba ki kira shi ba?

Ta juya kofin a hannunta. "Na buɗe baki zan kira shi, sai na ga yana share hawaye. Tun da na shiga gidan babanku ban san in na ɓata zai neme ni haka ba. Sai na ce bari in ga iya inda zai kai."

Ni ma sai na ji idona ya cika.

Ba a daɗe ba mai kwalekwalen ya juyo, don manyan igiyoyi sun fara wasa da su. Mutum biyu suka tallabo Baba zuwa tudu, jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, abin da ya ci da safe duk ya bar wa teku. Na je na kamo hannunsa na nuna masa lemar. Ya tsaya yana kallon Inna. Na shirya wa tsawa, domin na san halinsa.

Bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Inna ta tura masa tsokar kifin da ta ware masa a gefen faranti. Ya daɗe yana kallon tsokar bai taɓa ba.

"Da yaron nan bai juyo ba, da na kamo ku," in ji shi. "Saura kaɗan."

Inna ta dubi tekun. Ko hayaƙin jirgin ba a gani.

"Na gani, Malam," ta ce. "Saura kaɗan."