Kwana Bakwai na Baba Tsoho a Bakin Bahar Maliya

Wata Asabar ce a farkon watan Safar, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da saba'in da biyu bayan Hijira. Zafin Makka ya ɗan karye, gajimare ya taru a kan duwatsu tun da safe amma bai zubar da ko ɗigo ba. Alhazai sun watse, gidajen hayar unguwar Jarwal sun koma wayam, sai kyanwoyi da yagaggun tabarmi. A ranar ne Lurwanu ya ɗora mahaifinsa a gaban wata motar kaya mai zuwa Jidda, ya ce hutu za su.

Hutu! Kalmar ma sai da ta ba mutane dariya. Baba Tsoho sakka ne, wato mai ɗibar ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana saɓe da sanda, garwa a gaba garwa a baya, daga bazan inda ake tarar ruwa zuwa benayen mutane. A hajjin bana bayansa ya riƙe. Maɗorin unguwa ya murza, ya daddanna, ya ce kwana bakwai cif kada ya ɗauki ko buta cike, in kuwa ya ɗauka, to shi da sanda sun yi sallama har abada. Baba ya ce to. Washegari aka gan shi a bazan yana bin layi. Muddin kunnensa na jin ƙarar garwa, ba zai zauna ba.

Lurwanu ne ya je ya ƙwace sandar a gaban jama'a. Shi ne ɗansa namiji tilo, shekararsa ashirin da biyu, kuma kowa ya san halinsa. Ya bar makaranta a aji uku. Ya yi wata biyu wajen tela, ya yi kwana arba'in wajen mai gurasa, yanzu motocin hanyar Madina yake bi yana gyaran taya. Ya ɗaga murya ya rantse zai fitar da Baba daga garin, ya kai shi bakin teku, ya dawo da shi bayan kwana bakwai bai ɗauki komai ba.

Dauda, abokin layin Baba, ya ajiye garwarsa ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, “Ya walad, kai yaron nan da ba ka taɓa shanye kofin shayi a zaune ba, kai ne za ka zaunar da Tsoho kwana bakwai? In ka kai uku na aske gemun nan.”

Lurwanu ya ce, “Ka wasa askar, Baffa.”

A Jidda suka sauka a wani gidan gahawa da ke kallon ruwa, irin wanda ake jera gadajen igiya a ƙarƙashin rumfa, mutum ya kwana, da safe a kawo masa ful, wato dafaffen wake, da gurasa mai zafi da shayi. Baba ya zauna a gefen gado kamar wanda ya zo gaisuwa gidan surukai. Da aka ajiye masa tire sai ya miƙe tsaye don ya karɓa. Da ya gama sai ya nemi inda zai wanke kofin.

Lurwanu ya ce, “Baba, baƙo ne kai. Baƙo ba ya wanke kofi.”

“To me yake yi?”

“Yana zama, yana kallon teku.”

Baba ya juya ya kalla. Ya taɓa haye wannan ruwan, shekara talatin da biyu da suka wuce, daga Sawakin, amma a ƙasan jirgin katako aka cusa su, bai ga komai ba sai ƙeyar mutumin da ke gabansa. Yanzu ga shi shimfiɗe, shuɗi har inda ido ya gaji. Can ya girgiza kai ya ce, “Duk wannan, kuma ba wanda ya ɗauko shi.”

Kwana biyu suka yi a nan. Rana ta uku suka bi wata mota arewa zuwa Abhur, inda teku ta shigo cikin ƙasa kamar kogi. Nan Baba ya tuɓe takalmi ya tsoma ƙafa, ya ci shinkafa da kifi har ya nemi ƙari, bayan azahar kuma ya yi barcin da Lurwanu bai taɓa ganin ya yi ba, baki buɗe, hannu a kan ciki. Lurwanu ya zauna yana kore masa ƙuda, yana jin kansa kamar wanda ya gina masallaci.

Rana ta huɗu da yamma suka isa wani ƙauyen masunta gaba da Dahaban. Gidan gahawa ɗaya ne a wurin, na Ammi Yunus, wani dattijo da iyayensa suka zo ta Sudan, Hausarsa rabi Larabci rabi. Ya yi murna da su, ya sa aka ja wa Baba gado zuwa inda iska ta fi kaɗawa. Sai dai daga kan gadon nan ana hango randunan gidan guda huɗu, jere a inuwa, kuma ko wacce ruwanta bai wuce rabi ba.

Lurwanu ya ga idon Baba yana komawa kansu. Ya kalli teku, ya dawo kan randuna. Ya kurɓi shayi, ya dawo kan randuna. Ga kuma sanda da garwa biyu jingine da katanga, ba mai kula da su.

Baba ya ce a hankali, “Gida da baƙi, randa rabi. Wannan ai abin kunya ne.”

“Ba gidanmu ba ne, Baba.”

“Na sani. Faɗa kawai na yi.”

Lurwanu ya san wannan faɗar. Gobe ko jibi zai juya baya ya tarar da tsohon a ƙarƙashin sanda. Saboda haka da aka idar da sallar asuba, Ammi Yunus ya ja Baba su ga shigowar jiragen masunta, sai Lurwanu ya ɗauki garwa ya zaga bayan gidan. Ya ga rijiya a can tun jiya, taku ashirin kacal. Ya ja guga, ya cika, ya juye. Kafin rana ta ɗaga ya cika randunan nan huɗu har baki, ya mayar da murafe, ya jingine sanda, ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

Direbobi uku ne suka kwana a gidan, su aka fara kai wa shayi. Na farko ya kurɓa ya furzar a ƙasa. Na biyu ya leƙa cikin kofi ya ce, “Ya Yunus, teku ka dafa mana?”

Ammi Yunus ya buɗe randa ta farko ya ɗanɗana, ya buɗe ta biyu, ya bi su duka huɗu. Sai ya ɗora hannu biyu a ka. Rijiyar bayan gida ruwan zartsi ce, ta wanki da wanke-wanke, jaki ma sai ƙishi ya ci ƙarfinsa yake sha. Ruwan sha daga wata rijiya ake kawo shi a kan raƙuma, can cikin kwari, tafiyar rabin sa'a a yashi, kuma masu raƙuman ba za su zo ba sai jibi. Ga motocin Madina na tsayawa nan da azahar, da mata da yara a ciki.

Ba sai an tambaya ba. Rigar Lurwanu jiƙe take har gwiwa.

Baba bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi. “Ka ɗanɗana kafin ka zuba?”

Lurwanu ya sunkuyar da kai.

“Ɗan sakka, jikan mai haƙar rijiya, ya zuba ruwa a randar mutane bai kai bakinsa ba.” Ya juya ga mai gidan. “Yunus, ka yafe. Laifin gidana ne, ni zan gyara. Nuna mini hanyar kwarin.” Ya miƙa hannu ga sandar.

Lurwanu ya riga shi. Ya rungume ta a ƙirji kamar za a ƙwace masa ɗa.

“Sake ta.”

“Wallahi ba zan saki ba.”

“Kai ba ka iya ba. Randa huɗu ce, sawu takwas, a cikin yashi. Wannan ba gyaran taya ba ne da za ka ajiye ka tafi yawo.”

“Ni na ɓata, ni zan ɗebo. Kai baƙo ne. Ka koma gadonka, Baba.”

Direbobin suka gyara zama, sun sami abin kallo. Ɗayansu ya ce in yaron nan ya yi sawu uku, shi zai tuƙa motarsa da baya har Madina. Baba ya dubi ɗansa tun daga sama har ƙasa, ya koma ya zauna, amma a bakin gado, ƙafa biyu a ƙasa.

Suka zubar da randunan, Ammi Yunus ya ɗauraye. Lurwanu ya kama hanya. Sawun farko da sauri ya yi shi don ya nuna wa mutane, ya iso yana haki, garwa ko wacce ta koma rabi, sauran ya shayar da yashi. Direbobi suka tafa masa.

Baba ya ce, “Zo nan. Durƙusa.” Ya cire rawaninsa ya naɗe kamar gammo, ya ɗora masa a kafaɗa. Ya sa aka yago ganyen dabino, ya ce ya riƙa yafawa a kan ruwan don kada ya yi tsalle. “Kada ka yi faɗa da sanda. In ta lanƙwasa ƙasa, jira ta, in ta taso sai ka taka. Ƙananan taku. Idonka a gaba, ba a kan garwa ba. Kuma ka ɗanɗana a bakin rijiya, ka sake ɗanɗanawa a bakin randa.”

Sawu na biyu ya zo da kashi uku cikin huɗu. Na uku ya zo a cike, ya juye, randar farko ta cika daidai lokacin da motar Madina ta tsaya. Mata suka sauko da butoci, Ammi Yunus ya ba kowa, ba wanda ya san abin da ya faru da safe.

A sawu na biyar rana ta ƙwalle, yashi ya zama garwashi. Saura kamar taku hamsin ya iso, igiyar takalminsa ta tsinke, ƙafa ta goce, ya faɗi da fuska. Garwa biyu suka kife. Ya kwanta yana jin ruwan na shigewa ƙasa kusa da kunnensa, zuciyarsa na ce masa abin da ta saba ce masa wajen tela da wajen mai gurasa: ya isa haka, tashi ka bar musu kayansu.

Da ya ɗago kai sai ya ga ƙafafun Baba. Tsohon ya tako har wurin, ya riga ya sunkuya, hannunsa na kan sandar.

“Halas, ya isa, Lurwanu. Ka yi ƙoƙari. Sauran uku ne, ba za su kashe ni ba.”

Lurwanu ya kama ɗaya gefen. Rigar ta manne a kafaɗarsa da jini. Ya ce, “Huɗu ne, wannan ya zube. Baba, ban taɓa roƙonka komai ba sai a ƙyale ni in bar abu. Yau roƙonka nake ka ƙyale ni in gama.”

Suka tsaya a haka, kowa riƙe da gefensa. Direbobi sun yi tsit. Sai Baba ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tuɓe takalminsa ya tura masa da ƙafa, ya juya ya koma rumfa ba takalmi, yana ɗingishi a yashin mai zafi. Wannan karon da ya isa gadon sai ya haye gaba ɗaya, ya jingina da matashi, ya miƙe ƙafafu, ya ce da ƙarfi, “Yunus! Ina shayina? Haka ake barin baƙo a gidan nan?”

Ana kiran magariba Lurwanu ya juye garwa ta ƙarshe. Ya ɗebi ruwa a moɗa, ya kurɓa tukuna, sannan ya kai wa mahaifinsa. Baba ya juya shi a baki kamar mai sayen zuma, ya haɗiye. Sai ya juya ga direban da ya yi maganar tuƙi da baya, ya nuna Lurwanu da haɓa ya ce, “Ɗana ne wannan. Ko ba a gaya maka ba?”

Kwana biyun da suka rage a nan suka yi su, gado kusa da gado. Ammi Yunus na shafa wa Lurwanu man kifi a kafaɗa, Baba na kallon jirage yana gyara wa masunta yadda ake ɗaure igiya, daga kwance. Ranar Asabar suka shiga Jarwal, Baba a gaba yana tafiya a miƙe, hannu biyu a baya, Lurwanu na biye a karkace.

Abin da aka rasa a tafiyar shi ne rabin randa huɗu na ruwan daɗi, ruwan garwa biyu da yashi ya sha, shayin safe na mutum shida, takalmi ƙafa ɗaya, riga fara guda, rawani guda da jini ya ɓata, da fatar kafaɗa biyu.