Ranar da Aka Girgiza Ɗakunan Bakoji

Bakoji magini ne a Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari, kuma ko daga nesa ka hango gininsa ka san nasa ne. Bango mai kauri, ɗaki gajere, rufin ƙasa mai nauyi. Mutane suna ba shi aiki don damina ba ta cin gininsa, amma suna yi masa dariya, wani lokaci ma a gaban idonsa.

Dalilin wannan gini ba ɓoyayye ba ne, don ya sha ba da labarin. Yana saurayi ya bi fataken goro zuwa Gwanja, daga can ya gangara har Ankara a bakin teku yana dako. Wata rana da magariba ƙasa ta yi ƙugi, ta motsa. Shi yana waje yana wanke ƙafa, abokinsa Abubakar kuwa yana cikin ɗakinsu a zango, sai bango ya rufto masa. Da hannunsa Bakoji ya tono shi. Abubakar ya rayu, amma bai ƙara taka ƙafarsa ta hagu ba. Da Bakoji ya dawo gida ya koyi gini, ya yi wa kansa alkawari bangonsa ba zai faɗa wa kowa ba.

A Saminaka ba wanda ya taɓa jin ƙasa ta motsa. In ya fara labarin a gindin tsamiya, sai wani ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Wannan dai da muke takawa?" A kwashe da dariya. Matarsa Naomi ce kaɗai ba ta taɓa yi masa musu ba.

Da rani, shekarar da ta biyo bayan gama yaƙin basasa, wata Landiroba ta tsaya a ƙofar gidan dagaci. Wanda ya fito daga ciki sunansa Malam Idrisu, injiniya ne, yana koyarwa a jami'a a Zariya. Ya ce yana neman falalen dutse a bakin daji, nesa da hanyar manyan motoci, inda zai kafa wata na'ura, kuma yana son magini ya yi mata ɗan ɗaki. Dagaci ya aika aka kira Bakoji.

Suna kan dutsen, Bakoji yana jera tubali, sai ya dubi akwatin ƙarfen da baƙon yake kwancewa. Akwai wata allura a ciki, bakinta a kan takarda.

"Malam, wannan me take yi?"

"Motsin ƙasa take ji, Baba. Ko kaɗan ƙasa ta girgiza, allurar nan za ta zana."

Bakoji ya ajiye tubalin da ke hannunsa. "Ashe kun san tana motsi?"

"Shi ne karatuna."

"Ni ta taɓa motsawa a ƙarƙashin ƙafata. A Ankara."

Malam Idrisu ya bar abin da yake yi. "Shekarar da aka fara yaƙin duniya na biyu?"

"Ita ce."

"A littafi na karanta ta. Ban taɓa zama da wanda ya gani da idonsa ba. Don Allah Baba zauna ka gaya mini."

Ranar ba a ƙara ɗora tubali ko ɗaya ba. Malam Idrisu yana tambaya, Bakoji yana amsawa. Wane bango ne ya fara faɗi, ciki ya yi ko waje, waɗanne gidaje ne suka tsaya. Abubuwan da Bakoji ya zaci ya manta suka riƙa dawo masa. Da ya tambaya ko irin wannan za ta iya zuwa nan, sai injiniyan ya ce ƙasarmu ba ta cika motsi ba, amma ba wanda ya ba mu tabbaci, shi ya sa ake saurarenta. Ya ƙara da cewa ko nakiyar da masu aikin hanya suke fasa dutse da ita ta isa ta tsaga bangon da ba shi da ƙarfi.

Bakoji ya koma gida da yamma yana tafiya kamar saurayi. Naomi ta ce rabon da ta ga ya ci tuwo haka tun bikin 'yarsu Alice.

A lokacin garin yana shirin gina ɗakin shan magani, Musulmi da Kirista sun haɗa hannu, kuma Bakoji aka ba aikin. Malam Idrisu ya kawo shawara a yi gwaji kafin a haƙa harsashi. Aka shimfiɗa katako mai kauri a kan gungumomi yadda zai iya gangarawa gaba da baya, aka ɗaura igiya ta kowane gefe. A kan katakon Bakoji ya gina ƙananan ɗakuna uku, tsayinsu bai wuce ƙirjin mutum ba. Ɗaya irin wanda kowa yake yi. Ɗaya irin nasa, mai kauri da rufin ƙasa. Na ukun yadda injiniyan ya zana, bango matsakaici, an kewaye samansa da gora an ɗaure a kusurwoyi, aka ɗora masa jinka.

Da suka bushe aka sa rana. Gari ya fito kaf, har matan Fulani da suka kawo tallan nono suka sauke ƙwarya suka tsaya kallo. Samari suka rabu biyu suka kama igiya, aka samu mai kalangu yana ba su lokaci, waɗannan su ja, waɗancan su ja. Ɗakin farko bai daɗe ba ya zube. Bakoji ya gyaɗa kai, ya san za a yi haka. Kiɗa ya ƙara sauri. Sai kusurwar ɗakinsa ta buɗe, bango ya yi waje, rufin ya faɗa ciki gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, na ukun yana tsaye, ya tsattsage amma bai faɗi ba.

Mai kalangu ya daina kiɗa. Ba wanda ya yi dariya. Bakoji ya ɗauki hularsa ya wuce gida.

Naomi ta same shi a bayan rumbu yana zaune a kan turmi. Ta ajiye masa kunu, bai taɓa ba.

"Baban Alice, ɗan ɗakin wasa ne ya faɗi."

"Rabin garin nan a ƙarƙashin irinsa suke kwana. Ni na ɗora musu wannan nauyin a ka, ina cewa kare su nake yi."

"To gara da ya faɗi a kan katako, kana raye, hannunka da ƙarfi. Sha kunun, gobe ka je ka tambayi Malam Idrisu dalili."

Da safe ya je. Ya tarar da Malam Idrisu a tsugune yana duba ɓaraguzan. Bayan sun gaisa, injiniyan ya ce, "Baba, jiya ban ji daɗin yadda ka tafi ba. Da na sani da mu biyu muka fara gwadawa."

"A'a, gara da kowa ya gani. Nuna mini inda na kuskure."

Malam Idrisu ya nuna masa. Kaurin bango ba laifi ba ne, in ji shi. Matsalar ita ce bangayen huɗu kowanne zaman kansa yake yi, ba abin da ya riƙe su tare, ga kuma nauyi a sama. In ƙasa ta motsa sai kowanne ya kama gabansa. Bakoji ya daɗe yana shafa inda kusurwar ta rabu. Sannan ya je wajen ɗakin da ya tsaya, ya ƙwanƙwasa gorar da farce.

"Wannan ɗaurin na yarda da shi. Amma gora a cikin ƙasarmu, damina biyu gara ta gama da ita. Me zai hana mu sa azara? Giginya gara ba ta son ta."

"Azara za ta ɗauru a kusurwa?"

"In an sassaƙa bakinta, ɗaya ta hau kan ɗaya, za ta kama."

Suka sake gini, wannan karon tare, injiniyan ya naɗe wando ya shiga kwaɓin ƙasa. Sun yi gardama a kan kaurin bango har sai da Naomi ta aiko musu da dafaffiyar doya suka yi shiru. A ƙarshe kowa ya rage nasa. Ranar gwaji na biyu samari suka ja har gumi ya jiƙa su, igiya ɗaya ta tsinke, mutane suka zube a kan juna. Ɗakin ya zubar da yaɓe, ya tsage a gefen ƙofa, amma yana nan tsaye. Dagaci ya ce a haƙa harsashi washegari.

Haka aka gina ɗakin shan magani, da ɗamarar azara a saman bango da rufin kwano. Bayan nan Bakoji ya riƙa bin gidajen da ya gina a da. Duk wanda zai sabunta rufi, sai ya ce a bari ya sa masa ɗamara tukuna. Wasu suka yarda nan take, wasu sai da masu aikin hanya suka iso kusa, nakiya ta fara sa kwanuka rawa a kan kanta.

Na'urar kuwa tana can bakin daji tana aikinta. Malam Idrisu yakan zo ya canja takarda, kuma ba ya komawa sai ya biya gidan Bakoji. Yawancin abin da allurar ta zana garken shanu ne da suka ratsa ta kusa, sau ɗaya kuma giwaye. Wata rana ya nuna wa Bakoji wani zane siriri, ya ce girgiza ce aka yi a wata ƙasa can bayan teku, sauranta ne ya iso nan. Bakoji ya yi wa mutanen wurin addu'a.

Da kaka ta yi, injiniyan ya ɗauke shi a mota zuwa Zariya, inda Bakoji ya gina wa ɗalibai ƙananan ɗakuna, ya nuna musu yadda ake sassaƙa bakin azara. Ya yi mako guda a can. Da ya dawo, Naomi ta tambaye shi yadda ya ga jami'a. Ya ce yaran suna da ladabi, tambayarsu ba ta ƙarewa, sai dai ba su iya jan igiya ba. Ya ce ta tashe shi da wuri, don mutanen Kakangi sun aiko suna son ya je ya duba filin da za su gina aji.