Faranti Biyu a Labon Hadizatu

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, Hadizatu tana aiki a wani ƙaramin labo, ɗakin gwaje-gwaje, kusa da Gaweye a birnin Yamai. Tana kiwon fararen ɓeraye. Takan ciro ɗanyun ƙwayayen haihuwa daga jikin matansu, ta duba su da madubin ƙara girma. Wanda ƙananan ƙwayoyi suka lulluɓe da kyau, ta sa shi a farantin dama, don alama ce zai nuna. Wanda ya zo tsirara, ta sa shi a na hagu. Ruwan da ake rainon ƙwayayen a ciki daga Faransa yake zuwa, kuma ba ya isa, saboda haka na dama kaɗai take raino. Na hagu takan zubar.

A shekarar nan ne kamyon, babbar motar soja, ya sauke Delu, ƙanwar mahaifinta, daga wani ƙauyen Tahoua. Ta zo da goyon jikarta Balki, wadda uwarta ta rasu a hanya. Yarinyar ta daina kuka tun kafin su iso Yamai. Lokotoron asibiti ya duba ta, ya ce a yi ta ba ta kunu kaɗan-kaɗan.

Wata rana Delu ta bi Hadizatu labo, don ta gaji da zaman ɗaki a unguwar Kalley. Ta daɗe a tsaye gaban kejin ɓerayen.

"Kusu ne ke cin hatsi haka, ɗiyata? Mu da muka tone gidan tururuwa neman tsaba?"

"Na aiki ne, Gwaggo."

"To, Allah ya ba mu irin aikin kusu."

Hadizatu ta yi dariyar kunya. Ta zaunar da ita gaban madubin, ta nuna mata yadda ake rufe ido ɗaya, ta yi mata bayanin farantan a hankali. Delu ta leƙa. Sannan ta ɗago.

Da la'asar, a tsakar gida, Delu ta kwance goyon. Ta tuɓe wa Balki riga, ta miƙo ta a tafin hannu biyu.

"Duba mini wannan. Dama ko hagu?"

"Gwaggo, ba a yi wa mutum haka. Sanin wannan sai Allah."

"Na san sai Allah. Ke nake tambaya."

Hadizatu ta so ta kalli bango, amma idon da ya saba ya riga ta. Ya bi siraran hannuwan, da fatar da ta yi wa cinya yawa, da gashin da ya koma ja. Kafin ta hana kanta, ta gama tantancewa.

"Na hagun nan ban taɓa rainonsu ba," ta ce. "Zubarwa nake yi. Ban san abin da za su zama ba."

"Na ji. Amma na ga kin duba, na ga kin kau da kai."

Hadizatu ta karɓi yarinyar, ta ɗora ta a cinya. Nauyinta bai kai na zanen da aka goya ta da shi ba, ko haka ta ji. Ta ɗebi kunu a bakin cokali, ta hura, ta ɗiga mata tsakanin leɓɓa.

Balki ta riƙe kunun a baki. Ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba. Matan biyu suka sunkuyo, suna kallon maƙogwaronta.